Kaba da Ƙaba

Gyadi-Gyadi, Kano
Ranar Asabar

Zuwa ga maijego Hajara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da ɗan baƙonmu Mubarak. Ya ruwan zafi? Ya kwanan zaune? Ina fata cibiyarsa ta warke sarai, kuma kunun kanwar nan shansa kike yi, ba bayan ɗaki kike kai shi ba, don na san halinki. Ki gaishe min da Baba da Iya, ki ce ina yi musu sannu da ɗawainiya.

Na san sai kin juya takardar nan gaba da baya kina mamaki, wai yau Ɗan'azumi ne da biro, mutumin da rabonsa da rubutu tun jarrabawar fita sakandare. To dalili biyu ne. Na farko, garinku sai an hau dutsen bayan makaranta ake samun sabis, kuma ban ga maijegon da za a bari ta hau dutse ba. Na biyu, ni da rubutun waya mun ɓata, ɓatawa ta har abada. Yusuf direba ya ce duk ranar kasuwarku yana bi ta ƙofar gidanku, shi zai riƙa kawo miki.

Kada hankalinki ya tashi, amma Inna tana nan Kano. Tana ɗakinki, a kan katifarki, ita da ƙanwata Saratu. Ni da Kabiru muna kwana a zaure. Ba ta da lafiya.

Kin tuna saƙon da Kabiru ya turo min daga gida tun kafin azumi, ranar da muke cin ɗanwake a tsakar gida? Ya rubuta cewa Inna tana fama da kaba. Na karanta miki muka yi dariya, na ce tsohuwar nan ba za ta taɓa hutawa ba, kullum hannunta cikin saƙar tabarma da faifai. Na mayar masa da amsa na ce madalla, Allah ya kawo kasuwa, a ce ta ajiye min tabarma ɗaya mai kyau ta zaman tsakar gida. Hajara, ashe ba kaba yake nufi ba. Ƙaba yake nufi, ciwon ƙaba. Wayarsa ba ta da harafi mai ƙugiya, tawa ma ba ta da shi, sai ciwon uwata ya iso min a matsayin ganyen goriba. Shi ya sa za ki ga ƙugiyar da nake yi wa haruffa a takardar nan kamar ta mahauta.

Ban san komai ba sai ranar Laraba. Ina ɗauke da fasinja a wajen gadar Dangi Saratu ta kira ni tana kuka, ta ce tun asuba Inna take amai, abin ya fito ya yi tauri ya ƙi komawa. Na ce wane abin? Ta ce ƙabar mana, Yaya, sai ka ce ba ka sani ba. Da kunnena ya ji kalmar daga bakin mutum, sai na gangara gefen titi na kashe sahu, a-daidaita-sahun da nake haya da shi. Fasinja suna ta faɗa, na ce su yi haƙuri su hau wani. Na nemo tsohon saƙon na karanta, na karanta amsar da na bayar. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

Allah ya taimaka kafin azahar abin ya koma da kansa. Na ce gobe-goben nan su taho da ita. Na tare su a tashar 'Yankaba. Ki ji fa, har sunan tashar ma tsokanata yake yi.

Kabiru, ƙanina da na goya, ko hannu bai ba ni ba. Sai daga baya ya amayar min da abin da ke ransa. Ya ce Inna ta hana kowa ya gaya min, shi ne ya saci jiki ya turo. Da amsata ta zo, zuciya ta ɗebe shi ya karanta ta da ƙarfi a gaban Inna da Saratu. Shi a ganinsa Kano ta cinye ni, har na kai matsayin da za a ce uwata ba lafiya in ce Allah ya kawo kasuwa. Dalilin da ya sa bai zo suna ba ke nan, ba aikin gona ba ne kamar yadda ya ce mana. Dalilin da ya sa ke nan duk kiran da na yi masa sai lafiya lau, lafiya lau, ya kashe. Na tambaye shi me Inna ta ce da ta ji. Ya ce tashi kawai ta yi ta shiga ɗaki.

Kin san tsakanina da Inna. Ni ne ɗan fari. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin kaka, kuma tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ko Ɗan'azumin ma ba ta faɗa, sai dai yayanku, ko wancan. In na kira waya ba ta karɓa, sai ta ce a ce tana gaisuwa. Ban taɓa jin haushi ba, haka na taso na ga ana yi. Ke ma ga shi kin fara, ranar suna ina jin ki kina ce wa Mubarak yaron nan. Amma yau kunyar nan ta tare min hanya. Ta ina zan ɓullo mata in ce ban sani ba?

Da na ɗauko su daga tasha na yi tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, har masu mota suna yi min hon. Na ɗan karkato madubi na kalli fuskarta, abin da ban taɓa yi ido da ido ba. Ta rame, Hajara. Ta ɗaure cikinta da tsohon ɗankwali tamau, duk ramin da muka faɗa sai ta dafe wurin ta cije leɓe. Ita titi kawai take kallo. A kan cinyar Saratu akwai wani dogon abu a naɗe cikin buhu. Ban tambayi ko mene ne ba, don ina tsoron amsar.

Ranar Litinin za mu asibiti. Ki sa mu a addu'a, kuma kada ki zargi kanki don kin yi dariya ranar nan, ni ne na rubuta. Ki shafa min kan Mubarak.

Naki,
Ɗan'azumi


Gyadi-Gyadi, Kano
Ranar Lahadi

Zuwa ga Hajara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da mutanen gida baki ɗaya. Ya jego, ya ƙarfin jiki? Takardarki ta iso, da daddawa da kukar da Iya ta aiko, Allah ya saka da alheri. Na ga wurin da biro ya jiƙe. Haba maijego, ba na ce kada ki yi kuka ba? Kin san an ce yana rage nono, kada ki ja min rigima da Mubarak.

Mun je asibiti a nan Tarauni. Da aka kira mu ciki Inna ta ce wa Saratu ba za ta buɗe ciki ba wancan yana tsaye. Na fita. Ta kuma ce ba za ta buɗe wa likitan ba, wai ɗan cikinta ne. Akwai wata nas, Sista Yetunde, haihuwar Kano ce, Hausarta ta fi tawa. Saratu ta ce Sistar ce ta durƙusa ta kama hannun Inna ta ce, Inna, ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wai Inna ta yi dariya har tana dafe ciki, sannan ta kwance ɗankwalin da kanta.

Bayan an yi hoton ciki likitan ya zaunar da ni da Kabiru ya yi mana bayani dalla-dalla. Ya ce naman bangon cikinta ne ya yi rauni a gefen cibiya har ya buɗe, saboda yawan haihuwa da aikin ƙarfi, daka da jan ruwa da ɗaukar dami. Ta wannan ƙofar hanji yake leƙowa. In yana fitowa yana komawa da sauƙi, amma ranar da ya maƙale ya shaƙe, jini ya daina kai masa, to an shiga tsere da ajali. Abin da ya faru ranar Laraba gargaɗi ne. Ya ce ba jiƙon da zai rufe ƙofar nan, ba ɗaurin ɗankwali, sai tiyata. Za su mayar da hanjin mazauninsa, su ɗinke wurin, su shimfiɗa wata 'yar raga ta riƙe shi. Amma jininta ya hau, sai an fara saukar da shi da magani.

Muna dawowa gida Inna ta ce ina, ba da ita ba. Ta ce ita ba kifi ba ce da za a sa mata raga. Ta ce ba ta zo Kano don a yanka ta ba, kawo ta aka yi. Ina tsaye a bakin ƙofa ta juya wa bango fuska ta ce wa Saratu mai sabon jariri yana da hidimarsa, kada a ɗora masa nauyin tsohuwa. Maganar nan ta soke ni. Na ji kamar tana cewa wanda aka gaya wa tun farko bai damu ba, yanzu me ya kawo damuwa.

Sannan abin nan na cikin buhu. Washegari Saratu ta fito da shi ta ajiye a gabana, ta ce Inna ta ce a ba yayanku saƙonsa. Tabarma ce. Farar kaba, da ratsin ja da kore, saƙa matsattsiya, bakin an ninka shi biyu. Ban taɓa ganin Inna ta yi mai kyanta ba. Saratu ta ce cikin azumi ta saƙa ta, a sunkuye, in abin ya fito sai ta kwanta ta tura shi da hannu, ta tashi ta ci gaba. An hana ta ta ƙi hanuwa. Kabiru ya ce magana ce ta gaya min ba da baki ba, wato ga tabarmarka, ka zauna ka ji daɗi. Saratu ta ce ba haka ba ne, Inna ba ta iya baƙar magana ba ko da hannu. Ni dai ban sani ba. Na jingine ta a bayan ƙofa, na kasa shimfiɗa ta.

Na yi ƙoƙarin bayani irin yadda muka saba. Na zauna a wajen ɗaki na jingina da bango, ina yi wa Saratu magana da ƙarfi don wadda ke ciki ta ji. Na ɗauki tsinke na zana haruffan biyu a ƙasa, mai ƙugiya da marar ƙugiya. Kabiru ya ciro wayarsa ya yi ta lalube yana neman ƙugiya, bai samu ba. Sai ya ce to ai da sai in kira in ji. Gaskiya ya faɗa, amma kin san ni, na ce kai me ya hana ka kira, bakinka aka ɗinke? Saura kaɗan mu ba maƙwabta kallo, sai da Saratu ta daka mana tsawa. Da yamma dai ya jawo kwanon tuwo ya ajiye tsakaninmu, muka ci tare.

Kabiru ya gane, don ya yi boko. Inna fa? Ita ba ta taɓa karanta harafi ba. A kunnenta kaba daban, ƙaba daban, ko yaron goye ba zai haɗa su ba. Abin da kawai ta ce wa Saratu shi ne, ita dai tun da take ba ta taɓa jin inda aka ce ciwo aka ji ciyawa ba. Wasa take yi ko ƙaryata ni take yi, Allah kaɗai ya sani.

Yanzu ga labari mai daɗi, kuma ke ce silarsa. Da muka koma awon jini Sista Yetunde ta ɗauko wani guntun ragar da suke nuna wa marasa lafiya ta sa wa Inna a hannu. Inna ta murza ta, ta ɗaga ta a haske, ta ja ta gefe da gefe, ta ce saƙar ba laifi. Ta tambaya ko suna zarce bakin yagar da ita, don ita a saninta facin da ya tsaya daidai bakin yaga sake yagewa yake yi. Sista ta ce haka suke yi. Inna ta gyaɗa kai, amma ba ta ce to ba. Sai da muka dawo na ba Saratu takardarki ta karanta mata wurin da kika ce angonta Mubarak yana gaishe ta, ya ce shi ba ya son amarya mai ɗaurin ciki, kuma in kun yi arba'in a bayanta zai hau. Hajara, ina daga waje na ji dariyarta. Ta ce ja'irin yaro, ko ido bai gama buɗewa ba ya fara zaɓen mata. Can ta nisa ta ce to, a yi, Allah ya sa a tashi lafiya.

Allah ya yi miki albarka. Abin da 'ya'yanta uku suka kasa, kin yi shi daga ɗakin jego.

Mijinki,
Ɗan'azumi


Asibiti, Tarauni
Ranar Talata

Hajara,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya ke da yaron. Ki yi haƙuri da rubutun, a kan gwiwata nake yi, a bencin baranda, kuma Yusuf yana jira a bakin get.

An ba Inna gado yau. Jinin ya sauka, gobe da safe za a shiga da ita. An ce daga tsakar dare ko ruwa kada ta sha. Likita bai ɓoye mana ba, ya ce aiki ne da suke yi kullum kuma mafi yawa lafiya lau ake tashi, amma ga shekaru ga hawan jini, ba wanda zai rantse. Na ce masa mun dogara ga Allah. Bakina ne kawai ya faɗa.

Ɗazu ta kira Saratu ta yi mata wasiyya. Awakinta, damin kabar da ke rataye a rumbu, tukunyar da ta aro ba ta mayar ba, duk ta faɗi inda za a kai su. Ta ambaci Kabiru, ta ambaci Saratu, ta ambace ki, har Mubarak ta bar wa 'yar tunkiya. Ni abin da ta ce kawai, ku riƙe yayanku, shi ne ubanku yanzu.

Na kasa daurewa. Na shiga na durƙusa a ƙarshen gadon, wajen ƙafafunta, na ce Inna ki yafe min, wallahi ban sani ba. Karo na farko ke nan da na yi mata magana kai tsaye tun ina yaro. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce wa Saratu an kira la'asar, a gaya wa wancan kada jam'i ya wuce shi. Na tashi na fita.

Bari in gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba. Mutuwa ta Allah ce, in ta zo ba mai tare ta. Abin da ke cina shi ne Inna ta tafi tana ganin an ce min tana ciwo na ce ta saƙa min tabarma. In haka ta faru, wa zan tambaya? An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma na Inna ajiyar ta yi masa yawa, ba mamaki da ya ɓule. Ina tsoro, Hajara. Da kina nan da ko ba ki ce komai ba na ji sauƙi.

Ki roƙi Baba ya sa a yi mata addu'a a masallaci da asuba.

Ɗan'azumi


Gyadi-Gyadi, Kano
Ranar Litinin

Zuwa ga matata Hajara, uwar Mubarak, ko kin ƙi ko kin so,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ki da Baba da Iya da duk wanda ya ce mana amin. Ya ruwan zafi, an kusa sauke tukunya ko? Na san saƙon baki ya riga ya iso muku cewa an yi aiki lafiya. Alhamdu lillahi. Amma akwai abin da ba zan ba Yusuf ya kawo a baki ba.

Ranar Laraba da safe aka sa mata rigar asibiti aka tura ta a gado mai taya. Har aka rufe ƙofar ɗakin tiyata ba ta kalli inda nake ba. Muka zauna a benci ni da Kabiru da Saratu. Na ja carbi har na rasa me nake faɗa. Na tashi na zaga, na dawo, na je na goge sahu da bai yi datti ba. Duk wanda ya fito da koren kaya sai in miƙe tsaye. Wajen azahar likita ya fito ya sauke abin rufe bakinsa ya ce an gama, hanjin lafiyarsa ƙalau, an mayar da shi an ɗinke an sa raga. Saura ta farfaɗo daga allurar barci. Saratu ta fashe da kuka, Kabiru ya yi sujada a kan siminti.

Ba a jima ba Sista Yetunde ta leƙo tana waige-waige, ta ce wane ne Isyaku a nan? Hajara, wallahi ni ma waigawa na yi ina neman Isyakun. Rabon da a kira ni da sunan nan tun malamin aji yana kiran rajista. Ita ma Sista da sunan Ɗan'azumi ta san ni. Sai da Kabiru ya zungure ni da gwiwar hannu ya ce kai ne mana, Yaya. Sista ta ce in zo da sauri, tsohuwa ta hana su sakat, tun da ta fara motsi sunan nan take kira.

Na shiga na same ta kwance, an sa mata ƙarin ruwa, idonta a rufe, leɓɓanta sun bushe. Ba ta san inda take ba, ba ta san ina wurin ba. Da wata murya ƙasa-ƙasa take magana kamar tana yi wa wani faɗa. Na sunkuya na kasa kunne. Ga abin da na ji, ban ƙara ba ban rage ba:

"Ku ƙyale min Isyaku. Bai sani ba. Isyakuna ba zai yi haka ba. Kabiru, ka rufe min baki."

Ta yi ta maimaitawa. Na kama hannunta, hannun nan da kaba ta yi wa kanta, na ce na'am Inna, ga ni. Ta damƙe yatsuna da ƙarfi ta koma barci. Ni da nake cika miki baki cewa ko a jana'iza ba na hawaye, sai ga ni a gaban nas-nas ina kuka da majina kamar Mubarak. Sista Yetunde ta miƙo min auduga ta juya baya kamar tana gyara ƙarin ruwa.

Daga baya Saratu ta gaya min abin da ta ɓoye. Wai tun ranar da Kabiru ya karanta amsar nan, da ya fita, Inna ta ce mata akwai dai abin da ya faru, yayanku ba haka yake ba. Ta hana Saratu faɗa, wai kada a ce tana tsaya wa ɗan fari. Ki ji fa. Ni ina nan ina zana haruffa a ƙasa, ashe wadda ba ta san harafi ba ta riga kowa karanta ni.

Washegari ta farka sarai. Sista da tsokana ta ce Inna, jiya kin tara mana jama'a da kiran Isyaku. Inna ta ja mayafi har goshi ta ce ita ba ta san zancen ba, allurarsu ce take magana. Kabiru ya yi dariya har sai da aka kore shi daga ɗakin. Can ta ce wa Saratu, yayanku ya ci abinci kuwa? Mun koma gidan jiya ke nan, kuma wallahi bai dame ni ba.

A ranar ma suka tashe ta ta taka, Saratu na riƙe da ita. Shekaranjiya aka sallame mu. Ɗinkin a bushe yake, tana shan kunu da fate, in za ta yi tari sai ta rungume matashi a ciki kamar yadda aka koya mata. An kafa mata doka: ba daka, ba jan ruwa, ba ɗaukar abu mai nauyi, ba zaman saƙa a sunkuye sai likita ya ba da izini. Goyon angonta ma sai nan gaba, a cinya za a ɗora mata shi. Ta ce wannan ba asibiti ba ne, kurkuku ne. Kabiru ya koma gona. Inna za ta zauna da mu har ki dawo, na ce kuma ba inda za ta sai ta warke sarai.

Jiya da yamma an fito da ita tsakar gida ta sha iska. Ina zaune a ƙasa daga gefe ina gyaran fitilar sahu. Ta ce wa Saratu, wai shi wancan me ya sa yake zama a kan siminti, ba shi ya ce a ajiye masa tabarma ba? Ko ba ta yi masa ba ne? Na tashi na ɗauko ta daga bayan ƙofa na shimfiɗa. A kanta nake zaune yanzu ina rubuta miki wannan. Har yanzu tana ƙamshin sabuwar kaba.

Saura roƙo ɗaya, maijego. Ban hana ki kunyarki ba. A gaban Iya da baƙi ki ce yaron nan, ki kau da kai, ki yi duk yadda aka koya miki. Amma in kun kaɗaice ke da shi a ɗaki, ki sa bakinki a kunnensa ki ce Mubarak. Ki riƙa faɗa masa tun yanzu, kada ya jira sai ranar da aka yi miki allurar barci.

Ki gaida kowa da kowa. Inna ta ce a gaida angonta, ta ce ya shirya sadaki.

Ni ne mijinki mai kewarki,
Isyaku